'Yar Cittar da Aka Binne a Gindin Lemo

Winnipeg, 9 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga Manang Memang,

Yayata, gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Manong Gorio da yara. Yaya gwiwoyin kakarmu Lola Tasing? Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da sanyin da ya fara leƙowa tun ba a gayyace shi ba. Tsohon da nake jinya, Mista Friesen, shi ma yana nan da sauƙi. Jiya ya kira ni da sunan matarsa, shekaranjiya da sunan karensa, duk na amsa.

Bayan haka, ga ɗan ƙunshi nan tafe. Akwai man zafi kwalba biyu na Lola, da kirfa, da kanumfari, da garin citta na 'yan cittar bana. Garin citta na ce, Manang, busasshiya. Ban manta da shekarar farko ba, lokacin da na aiko muku da ƙarfen yankan nan mai siffar mutum, kuka kankare ɗanyar citta kuka jibga a kwaɓin kamar masu haɗa maganin mura. Ke da kanki kika rubuto mini cewa kawunmu Tiyo Badong ya ci ɗaya ya yi ta hawaye, yana rantsuwa wai kewata ce ta kama shi.

Kin san a nan biskit ne kawai. A gasa, a rataya a bishiyar Kirsimeti, yara su wawashe. Lola ce ta mayar da abin ƙidayar 'yan gida, kowa da nasa, na kusa da na nesa. Duk shekara in kika rubuto cewa an rataye ni, sai in ji kamar na zo.

To, ga maganar da nake ta kewaye-kewaye a kanta. Ba zan samu zuwa ba bana ma. Na san na yi alkawari, na san kuma wannan ce Kirsimeti ta bakwai. 'Yar tsohon za ta tafi hutu da iyalinta kamar kullum, shi kuwa ba ya karɓar cokali daga hannun kowa sai nawa. Na buɗe baki zan roƙe ta, sai na ji kaina ina cewa, "Ba komai, ku sauka lafiya." Kin san halina.

Don Allah ki lallaɓa ki gaya wa Lola. Ki bari sai ta ci ta ƙoshi, ta miƙe ƙafa. Kuma ki ce na ce a rataye ni can sama, nesa da Tiyo Badong, kada reshen ya karye da mu.

Taki ƙanwa,
Luding


Silay, 28 ga Nuwamba, 1994

Inday Luding, ƙanwata,

Mun gode Allah, kowa lafiya. Gorio na can gonar rake, an fara sara, yana dawowa baƙi ƙirin sai haƙora. Gwiwoyin Lola suna nan yadda kika san su, amma bakinta bai tsufa ba ko kaɗan. Ƙunshi ya iso, ba abin da ya zube.

Na gaya mata kamar yadda kika ce. Na bari ta ci kifinta, ta sha ruwa, sannan na karanta mata wasiƙar, ina tausasa murya a wurin da ya kamata. Ta ce, "To." Shi ke nan. Ta jawo faifai ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ni da ta yi faɗa ma da na fi jin daɗi, Inday, don kin san "to" ɗin Lola.

Ranar Asabar muka yi 'yan citta. Na kwaɓa da mazarƙwaila mai duhu, na zuba garinki, busasshen, ranki ya daɗe. Muka kai gidan burodin bakin kasuwa bayan sun kwashe na safe, tanda na da sauran zafi. Ashirin da uku muka yi bana, da jaririn 'yar'uwarmu Nening. Lola ta zauna a kan kujerarta tana ba da umarni kamar mai gidan burodin.

Tiyo Badong ya leƙo ya ga nasa, ya ce, "Wane ne ya yi mini wannan tumbin?"

Lola ta ce, "Shinkafata."

Ya ce, "Haba Nanay, ɗanki ne fa, ai ko Fadan coci ba a yi masa haka ba."

Ta ce, "Fada yana azumi. Matsa, ka tare mini haske."

Da aka zo kan taki, sai ta ce a miƙo mata ƙarfen. Ita ta yanka ki da hannunta, ta huda kan da ƙusa don zare. Bayan an gasa ta dama sukari da jan launi, ta zana miki siket. Kin tuna jan siket ɗin da ta ɗinka miki na tafiya, wanda kika sa ranar da muka raka ki jirgin ruwa? Shi ta yi, har da aljihun da ya karkace. Ta ɓata wajen sau uku tana gogewa da yatsa, ba ta yarda na taɓa ba.

Bishiyar reshen gwaba ce kamar kullum, Gorio ya shafa mata farin fenti. Kina can ƙololuwa, ƙarƙashin tauraro, Badong kuma yana ƙasa kusa da tukunya, inda in ya faɗo ba zai ji ciwo ba. Abin da ya dame ni kawai ruwan nan da ya ƙi ɗaukewa. Kwana tara ke nan, komai na gidan ya yi laima, har gishiri ya zama ruwa.

Ki ci abinci, ki rufe wuyanki.

Manang ɗinki,
Memang


Silay, 12 ga Disamba, 1994

Inday,

Muna lafiya. A tsaye nake rubutu, Gorio na jira zai kai gidan waya.

Jiya da safe Lola ta sauke ki daga bishiya. Ta naɗe ki a tsumma, ta sa Gorio ya haƙa rami a gindin lemon tsamin bayan gida, ta binne ki da hannunta. Na ce bari in gasa wata, ta ce kada wanda ya kuskura. Ta kuma hana a ambaci sunanki a gidan nan, babba da yaro. Akwai abin da ba na son sa wa a takarda, kina can ke kaɗai. Ke dai ki rubuto da zarar wannan ta same ki, ko layi biyu ne. Kada ki yi jinkiri, don girman Allah.

Memang


Winnipeg, 20 ga Janairu, 1995

Zuwa ga Manang Memang,

Ina fatan kun yi Kirsimeti lafiya, kun ga sabuwar shekara lafiya. Ni ma lafiya. Tsohon yana nan.

Wasiƙarki ta same ni saura kwana biyu Kirsimeti. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa da rigar sanyi a jikina, na sake karantawa a zaune. Kin ce in rubuto ko layi biyu. Wata guda ke nan ina neman layi biyun.

Ba sai kin sa sauran a takarda ba, Manang, na gane. Shekara bakwai mutum yana cewa baɗi, dole wata rana a gaji da shi. Ban ga laifin Lola ba. Ke jikarta ce ta jini. Ni kuwa kakata da ita 'ya'yan wa da ƙane ne, sai an zauna da yatsu ake gano inda muka haɗu. Ina 'yar shekara shida direban motar rake ya sauke ni a ƙofarku, da takarda maƙale a rigata, uwata ko kwana arba'in ba ta yi a ƙasa ba. Lola ta karanta takardar, ta dube ni, ta ce, "Kin ci abinci?" Ba wanda ya tilasta mata. Abin da aka ba mutum don alheri, in an karɓe, ba shi da bakin magana.

Amma zan faɗa miki gaskiya, abin ya yi mini ciwo, ciwon da ban taɓa ji ba tun zuwana ƙasar nan. Da sauke ni kawai ta yi ta ba kaji, da sauƙi. Binnewa fa, Manang. Ranar Kirsimeti na ba tsohon abincinsa, na kunna masa fitilun bishiyarsu, ya dube ni ya ce, "Yarinya, ke 'yar gidan wa ce?" Kullum yana tambayata haka, kullum ina dariya in ba shi amsa. Ran nan na ɗauki kwanonsa na shige kicin.

Zan ci gaba da aiko man zafin, ba sai kin ce daga wurina yake ba. Ba zan dame ku da wasiƙu ba, tunda sunan ma ba a son ji. Ki gaida Manong da yara, in gaisuwar ba za ta jawo miki faɗa ba.

Ludivina


Silay, 6 ga Fabrairu, 1995

Ke Luding,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya. Wai "Ludivina", cikakken suna kamar a takardar gwamnati! Yesu, Maryamu da Yusufu! Da kina kusa da na ja kunnen nan naki har ya kai kafaɗa, sannan in miƙa miki nawa ki ja, don laifin nawa ya fi yawa. Zauna ki ji.

Kanki ne ya cire, sakarya. Laimar nan ta sa 'yan cittar duk suka yi laushi. Ke kuma da yake Lola ta lafta miki sukari a siket, kin fi kowa nauyi. Da safen nan ta fito ɗaki, ta ɗaga ido, sai ga kanki shi kaɗai yana lilo a zare, gangar jikin tana ƙasa. Cikin ashirin da uku, taki kaɗai. Ko sanyin can ya daskarar miki da ƙwaƙwalwa, ai ba ki manta abin da tsofaffinmu ke cewa ba in an ga mutum babu kai. Cewa suke ajali ne ke bin sa, kuma maganin abin a binne kayan da aka gan shi da su, mutuwa ta ɗauki kayan ta bar mai su.

Ban taɓa ganin Lola ta tsorata ba sai ran nan. Ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata tana tattara ki, har ɓurɓushin. Na ce, "Lola, laima ce fa, biskit ne." Ta ce, "Laimar ba ta ga Badong ba?" Ta binne ki da siket ɗin don a bar mata ke. Sunanki kuma ta hana ne wai kada abin ya zo wucewa ya ji ya tuna. Wata sabuwar ma da ta hana a gasa, cewa ta yi ba za ta sake rataye ki ta ka ba sai ta ji muryarki a takarda.

Ni kuma da wayona na ce kada in rubuta miki maganar kai, kina ƙasar mutane ke kaɗai, kada in sa miki fargaba. Na cire abin tsoron na aika miki da wuƙar. Ki yafe mini, Inday. Na karanta wasiƙarki na yi kuka har Gorio ya zaci rasuwa aka yi.

Yanzu ki duba abin da shirunki ya yi. Sujadar asuba ta coci, ta kwana tara kafin Kirsimeti, ba wadda Lola ta rasa. Da sanda take tafiya, ta ƙi hawa keke, wai in ba ta sha wuya ba roƙon ba zai yi nauyi ba. Kullum in mai kawo wasiƙu ya wuce tana bakin taga. Ba ta tambaya, tunda ta hana kanta sunan, sai dai ta dube ni. Sau biyu na je ofishin tarho na kira gidanku. Na farko wata na'ura ta amsa, na ajiye. Na biyu tsohonki ya ɗauka, na yi ta ihun sunanki, ya ce, "Ta tafi." Na ce ina? Ya ce, "Duk sun tafi." Na dawo gida, ban gaya wa kowa ba sai ke yau. Lola ta rame, zobenta har faɗuwa yake. Bishiyar tana nan a falo, kiyashi sun gama da kowa, saura zare, amma ta hana a fitar da ita.

Da wasiƙarki ta zo na so in tsallake wasu wurare. Ta ce, "Karanta duka, na ga idonki yana tsalle." Na karanta. Da na kai wurin jini da yatsu, ta buga sandarta a ƙasa. Ga saƙonta, ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Luding. Luding. Luding. Na faɗa sau uku, wata biyu ina riƙe da shi a baki. Kina da rai, sauran duk shirme ne. Wai jini. Ni ban taɓa auna jini ba, ba likita ba ce ni, shinkafa nake aunawa. Ranar da aka sauke ki na ƙara rabin gwangwani a tukunya. Kin tafi shekara bakwai, hannuna bai iya ragewa ba, shi ya sa Badong ya zama abin da ya zama. Kuma aikin bai ƙare ba. Siket ɗin biskit na binne, na gaskiyan yana wurinki. In jan siket ɗin nan yana nan, ki haƙa rami ki binne shi yau ɗin nan, ki rubuto mini kin yi. In kuma kin yar da ɗinkina, wannan wata maganar ce, za mu yi ta."

Kin ji. Da ta gama ta ce a zubo mata abinci, ta cinye, ta nemi ƙari. Ni ban ce ki yarda da maganar kai ba, Fada ma ya yi mata faɗa a kai. Amma ki binne tsumman nan mu samu barci.

Manang ɗinki mai dogon kunne,
Memang


Winnipeg, 21 ga Fabrairu, 1995

Manang tawa,

Ina lafiya. Ki fara gaya wa Lola wannan: lafiyata ƙalau, kaina yana kan wuyana, na taɓa na tabbatar. Yaya cin abincinta? Ki matsa mata da romon kaza.

Na karanta wasiƙarki ina kuka ina dariya, har tsohon ya miƙo mini hankicinsa. Kunya ta ishe ni, Manang. Tsohuwa tana jan gwiwa zuwa coci saboda ni, ni kuwa ina nan ina kumbura. Kunnenki ki bar shi, mun yi canjaras.

Siket yana nan. Ina zan yar da shi? Yana ƙasan akwatina, ko da yake rabona da shiga cikinsa tun ina da ƙugu. Ranar da wasiƙar ta zo, da rana tsaka, na ɗauko shi, na ɗauki shebur, na fita bayan gida. Na share dusar ƙanƙara har na kai ƙasa, na kafa shebur na taka. Manang, kamar na taka siminti. Na dafa ruwa a buta na zuba, kafin in koma in dawo ya daskare, na ƙara wa kaina aiki. Na koma da guduma. Maƙwabcinmu ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Lafiya? Wani abu ne ya mutu?" Na ce a'a, so nake kada ya mutu. Ya ce ƙasar nan ba ta buɗuwa sai watan Mayu, ya koma ciki yana waiwayena.

Na tsaya a wurin da siket a hannu, yatsuna sun mutu, na ce yanzu in rubuta wa Lola ta jira Mayu? Wadda zobe ke faɗuwa daga hannunta?

Da yamma 'yar tsohon ta zo. Ban bari bakina ya riga ni ba wannan karon. Na ce mata, "Shekara bakwai ina riƙe da tsohonki. Ni ma ina da tsohuwa." Ta ce ba ta taɓa sani ba. Gaskiyarta, ban taɓa faɗa ba. Ta ɗauki hutu za ta zauna da shi mako biyar, tun jiya na fara koya mata yadda ake riƙe masa cokali. Yana tofar da nata, amma zai saba.

Ki gaya wa Lola ƙasar mutanen nan ta ƙi karɓar ɗinkinta, don haka zan kawo shi da kaina, mu binne a gindin lemon. Zan sauka Manila ranar sha takwas ga Maris, in biyo jirgin ruwa. Kada a fitar da bishiyar. Ina tafe da garin citta, za mu gasa guda ɗaya ko da Kirsimeti ta wuce, kuma wannan karon a ƙirji za a huda ni, nan ya fi kauri.

Tiyo Badong kuma ya fara ban kwana da ƙarin da yake samu. Ki ce wa Lola kada ta rage rabin gwangwanin nan, mai shi tana hanya.

Taku,
Luding